Neman kalma: layin nan da ake cikewa kafin a rubuta imel

Malamin Kwamfuta: Assalamu alaikum. Malamai a agaza. Ranar Asabar ina da darasin imel da ajin manya a nan Mabera, kuma gobe da hantsi zan kai takardar darasin a buga. Komai na fassara, saura layin da ke ƙarƙashin adireshi, wanda Bature ke kira sabjek. Ɗalibaina "Salam" suke rubutawa a wurin. Wata Hajiya mai kiwon kaji ta buɗe mini akwatinta tana neman jadawalin rigakafin 'yan tsaki da aka turo mata, muka iske saƙo bayan saƙo duk "Gaisuwa". Sai da muka bi su ɗaya ɗaya. Sunan da nake nema shi ne wanda da jin sa mutum zai san abin da ake sawa a wurin.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam. Jigo fa, Malam?

Tsohon Ɗan Jarida: A'a 'yata. Jigo sai an karanta waƙa ko labari ake tono shi. Wannan kuwa tun daga bakin ƙofa ake son a gan shi. Mu a ɗakin labarai kanu muke cewa. Tilonsa kai, to "kan saƙo".

Ɗalibar Hausa: Baba, idan Malam ya ce "rubuta a kan saƙo" ai sun rikice. Bisa saƙon ko game da shi?

Alaramma: Maudu'i. An gama. Duk mai sauraron wa'azi ya san shi.

Baban Tattabaru: Mi an na maudu'i kuma? Hausa ta ƙare ne sai mun tahi aro? Ni "goshin saƙo" ni ka cewa. In mutum ya taho maka goshinai ka hwara gani. Kuma muna da goshin azumi, abin da ka zuwa gaba.

Alaramma: Allah shi gafarta Baba, wasiƙa ma ai Balarabiya ce. Darasin da Malam zai koyar, shi ma Balarabe ne. Idan korar baƙi za mu yi, sai dai a rufe ajin.

Baban Tattabaru: Waɗanga sun daɗe, sun yi aure sun haihu. Maudu'i ko har yau da jakka tai a hannu.

Malamin Kwamfuta: Baba, goshi ya yi daɗin ji, amma ina tsoron a ɗauka wurin adireshi ake nufi, don shi ne a sama. Maudu'i kuma ya yi mini nauyi ga wanda zai rubuta "Kuɗin dusa na wannan wata".

Bakano: Ku daina wahala. Take. Taken littafi, taken lacca, taken saƙo. Daidaitacciyar Hausa ke nan.

Baban Tattabaru: To ga su nan. Duk abin da Kano tac ce shi ad daidai, mu namu kuskure na. Wa yan naɗa ku?

Bakano: Baba ni ban naɗa kowa ba. Tun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 rubutu yake bin wannan layi, kuma a Zariya aka buga ta, ba a Kano ba.

Baban Tattabaru: Kahin 1939 mi mu ka yi? Tahi gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga wasiƙun da anka rubuta garin ga tun Bature bai san hanyar Sakkwato ba.

Alaramma: Da Larabci aka rubuta su, Baba.

Baban Tattabaru: Alaramma, ba da kai ni ka magana ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku bar wannan, mutum na da aiki gobe. Amma maganar wasiƙa ta tuna mini inda matsalar take. Mu an koya mana wasiƙa da gaisuwa take farawa, sai can ƙasa a ce "dalilin rubuto maka wannan takarda". Ɗalibanka ladabi suke yi, Malam. Layin farko suka gani suka yi sallama. Ka gaya musu gaisuwa tana nan daram a cikin saƙon, wancan layin na dalilin ne. Take bai yi mini ba ɗari bisa ɗari, don Bahaushe na jin take ya tuna kiɗan sarauta, wani ma sai ya rubuta kirari. Amma 'yan makaranta sun saba da shi. Duba ƙamusun Bargery na 1934 ba zai raba gardamar nan ba, babu imel a zamaninsa.

Ɗalibar Hausa: To a haɗa mana: "Taken saƙo", a ƙasa a rubuta "me saƙon ya ƙunsa?" Kuma Malam ka nuna musu Gmail yana tara amsoshi ne a ƙarƙashin take guda. In zance ya tashi daga rigakafi ya koma farashin ƙwai, a sake take, in ba haka ba ya nutse. Muhimmiyar kalma a sa ta farko, don waya tana yanke dogon layi.

Malamin Kwamfuta: Na ɗauka. Na gode ƙwarai. Saura haruffa biyun nan, Re, da ke fitowa in an mayar da amsa.

Alaramma: Wannan Latin ce, ma'anarta "game da". Kar ka taɓa ta, na'ura ke sa ta.

Baban Tattabaru: Ku buga take, takardarku ta. Ni yaran da mu ka kiwon tattabaru tare goshi za ni koya musu.

Malamin Kwamfuta: Baba, zan ambace shi da baki a aji.

Baban Tattabaru: Ka ce daga wurina kaj ji shi.