Neman shawara: ƙafar babur tana nutsewa a ƙasa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu babur da makanikai a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Unguwarmu a bayan garin Gombe ƙasar rairayi ce, kuma da zarar ruwan damina ya sauka, ƙafar gefe ta babur ɗina, Bajaj Boxer, sai ta riƙa nutsewa a hankali har ya kwanta, mai ya tsiyaye daga tanki. Guntun katakon da nake sa mata tsagewa yake yi, murfin gwangwani kuwa lanƙwashewa. Shin idan mai walda ya liƙa faffaɗan ƙarfe a ƙasan ƙafar, ba zai riƙa gogar kwalta ba wajen shan kwanar hagu? Wane faɗi da kauri ne ya dace?