Ta yaya za a rage cin zarafin ma'aikatan lafiya a asibitocinmu?

Ma'aikaciyar jinya, Agege:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Legas, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda majinyata da 'yan'uwansu ke zagin ma'aikata, wani lokaci har da kai hannu, musamman da dare idan hannuwa sun yi ƙaranci. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan aiki kan yadda ake shawo kan lamarin tun kafin ya kai ga duka.

Likita, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Sista. Abu na farko shi ne a rarrabe tsakanin mai fushi da wanda ciwo ne ya juya masa hankali, domin ƙarancin sukari a jini, ƙarancin iska, bugu a ka, ko yanke shan ƙwaya kwatsam duk suna iya sa mutum mai kirki ya riƙa fizge-fizge, kuma irin wannan gwaji da magani yake buƙata kafin a kira mai gadi. Shi kuwa ɗan'uwan majinyaci, a ganina yawanci jira ba tare da bayani ba ne ke tunzura shi. Ya ga an shigar da wanda ya zo bayansa, bai san cewa a sashen gaggawa tsananin ciwo ake bi ba, ba layi ba. Idan aka gaya masa haka tun a ƙofa, da murya ƙasa-ƙasa, sau da yawa zuciyarsa kan sauka. Kada kuma ki tsaya inda mai fushi zai shiga tsakaninki da ƙofa.

Dattijo, Mile 12:
Allah ya saka wa Likita da alheri, amma akwai batun harshe. Da yawa daga mutanenmu da ke zuwa daga Arewa ba sa jin Turanci ko Yarabanci sosai, sai su ɗauki umarnin gaggawa a matsayin wulaƙanci. Ya kamata shugabannin al'ummarmu su samar wa asibitocin da ke kusa da mu masu tafinta, musamman lokacin da za a sanar da rasuwa, wadda bai dace a faɗe ta a tsaye a kan hanya ba.

Lauya, Obalende:
'Yar'uwa, doka ma tana bayanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da mai buƙatar taimakon gaggawa, amma ta ba ma'aikaci damar janye hannu daga wanda ya zage shi ko ya doke shi, ban da mai taɓin hankali ko mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma ta ce a kai rahoto. Saboda haka ki riƙa rubuta duk abin da ya faru, da lokaci da shaidu, ki miƙa wa hukumar asibiti, domin shirun da ma'aikata ke yi ne ke sa a ƙi ƙara masu gadi. Idan abin ya kai ga makami, a kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767.