Neman shawara: ɗana ya ƙwallafa rai a kan darasin kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana zai shiga SS1 bana, ɓangaren kimiyya, kuma ya dage sai ya ɗauki darasin kwamfuta, wai ita zai karanta a jami'a. Kwamfutocin makarantarsu ba su fi shida ba, su ma sai an ta da janareta. A gida ba mu da ko ɗaya. Babansa ya ce ya haƙura ya ɗauki darasin noma, ya fi sauƙin ci. Ni kuma ba na so in kashe masa gwiwa. Don Allah me kuka gani?

Wani malamin sakandare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku bar shi ya ɗauka. Da yawa daga abin da muke koyarwa a allo ake yin sa: yadda 13 ke komawa 1101 a lissafin kwamfuta, ƙofofin AND, OR da NOT (ƙa'idojin da kwamfuta ke bi wajen yanke 'i' ko 'a'a'), zana matakan warware matsala, sai ɗan rubutun BASIC, wani yaren ba kwamfuta umarni. Yaro mai kai zai iya waɗannan da biro da takarda. Inda gizo ke saƙa shi ne a tsarin da na sani, jarrabawar WAEC ta darasin kwamfuta tana da kashi na uku, wanda ake zama gaban kwamfuta a yi aiki. Na sha ganin yara masu ƙoƙari sun daburce a nan, don hannunsu bai saba ba. Ki je da kanki ki tambayi shugaban makarantar sau nawa a mako yara ke shiga ɗakin kwamfutar.

Wata ɗalibar jami'a:
Mama, kada son kwamfuta ya sa ya yi sake da lissafi da fiziks. A JAMB, mai neman wannan kwas Turanci yake rubutawa da lissafi da fiziks, sai ƙarin darasi ɗaya. A ajinmu, waɗanda suka fi shan wuya su ne masu raunin lissafi, ko da sun iya taɓa kwamfuta. Ni a wayar yayana na fara koyon Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta.

Wani mai shagon buga takardu:
Hajiya, in akwai shago irin namu kusa da ku, ki haɗa shi da mai shagon ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi. JAMB ɗin ma ai tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, ko noman ya ɗauka sai ya koya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wannan magana ta JAMB ita zan kai wa babansa yau da daddare. Litinin in sha Allah zan je makarantar.