Shawarwari ga mai son yawon buɗe ido a Füssen

Waɗanda suka san Füssen, ƙaramin gari a kudancin Jamus kusa da iyakar Ostiriya, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a je fadar Neuschwanstein da ke kusa da garin ba tikiti. Sarki Ludwig na Biyu na Bavaria ne ya fara gina ta a 1869, kuma da bazara cunkoso ba a magana. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, domin kowane rukuni da lokacin shigarsa, wanda ya makara ya rasa. Hoton fadar mafi kyau daga gadar Marienbrücke da ke kusa da ita ake ɗauka, amma akan rufe ta idan ƙanƙara ta sauka.

An yi saɓani kan kwana nawa ya isa. Ni ina tare da masu cewa yini ɗaya ya yi kaɗan. Zagaye tafkin Alpsee a ƙafa, wajen kilomita 5, ya cancanci yamma guda, ga kuma motar igiya mai hawa dutsen Tegelberg. A riƙe takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa.

Daga Munich jirgin ƙasa kusan awa 2 ne. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, a yi cefane tun Asabar.