Kuɗin adakar Hajiya: a sayar wa dillali ko a dakata?

Auta: Assalamu alaikum. Jiya da muka buɗe adakar Hajiya, Allah Ya jiƙanta, mun samu ƙunshi a tsumma: fam ɗaya guda uku, Murtala ta takarda guda 14, sai naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay. Wani dillali a kasuwar Gumel ya taya duka dubu 30. Ni dai na ce kada a sallama. Duk takardar da ta haura shekara 40, miliyoyi ce a gwanjon Turai.

Kawu: Amin. Ina bayan Auta. Da irin wannan fam muka sayar da gyaɗa. Ina saurayi aka kawo naira a Janairun 1973, fam ɗaya naira biyu. Abin da ya ɓace tun lokacin ai ya zama zinariya. Dillali kuwa ba ya tayin asara.

Yaya Babba: Kawu, Allah Ya ƙara lafiya, a kan dillali gaskiyarka. Amma Auta, tsufa kaɗai ba ya sa farashi. Masu tara kuɗin da, abin da suke fara tambaya shi ne guda nawa suka rage a duniya. Murtala ta fito a 1977, aka yi ta buga ta a takarda har 2007 da aka koma ta leda. Shekara 30 ke nan. Gida nawa ne a Jigawa babu ita a ƙasan akwati?

Auta: To Yaya, ta Amurka fa? Takardar dala 1,000 ta 1890, a 2014 gidan gwanjon Heritage suka yi gwanjonta sama da dala miliyan 3.

Yaya Babba: Haka ne. Irinta da aka sani ba su kai goma ba, shi ya sa attajirai suka yi ta rige-rigen tayi. Da a ce buhu-buhu ake da ita, wa zai kalle ta?

Auta: A kasuwar intanet ta eBay ma na ga fam ɗin Najeriya da tsada sosai.

Yaya Babba: Wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne. Ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mai bijimi yana iya cewa miliyan biyar, amma kuɗin bijimin shi ne wanda aka ce "albarka" a kansa aka biya. Ka duba waɗanda aka riga aka sayar. Sannan ka cire la'adar gidan gwanjo da kuɗin aikawa.

Goggo: Ni dai na ga sun yi datti, akwai jirwayen manja a guda biyu. Bari in ɗan goge su da ruwa in sa musu dutsen guga.

Yaya Babba: Goggo, don Allah kada ki taɓa! Masana suna gane wankakkiya da gogaggiya, kuma nan take darajarta ke faɗuwa. Akwai kamfani a Amurka, PMG, da ke ba takarda maki daga 1 zuwa 70. Ninki ɗaya a tsakiya yana sauko da ita, balle ɓulin gara ko yagewar gefe. Wadda ba a taɓa kashewa ba tana iya ninka tsohuwar hannu sau da yawa, alhali shekararsu ɗaya.

Kawu: Wato kana nufin ba su da amfani ke nan?

Yaya Babba: A'a Kawu, fam ɗin ne ma nake sa rai da su. A karanta abin da ke sama. In an ga West African Currency Board, ta kafin Yulin 1959 ce, kafin Babban Banki ya fara buga namu. In Federation of Nigeria ce, ta 1959. An sake canji a 1965, aka kuma a 1968 lokacin yaƙin basasa, kowacce da kasuwarta. Murtalar ma a ware masu launin farko, na kafin canjin kuɗin Buhari a Afrilun 1984, a duba sa hannun gwamnan banki da lambar jikinsu. In lambobin a jere suke, kada a raba su.

Baffa: Kun yi nisa kun bar abu ɗaya. Wannan gado ne. Ko dubu 30 ko miliyan 30, babu mai sallamawa shi kaɗai sai magada sun zauna.

Goggo: In an zauna, ni rabona a ba ni fam ɗaya kawai. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tara su, ina yarinya ina kai mata talla. Ba zan sayar ba ko nawa ne.

Kawu: Har yanzu ban gamsu ba. Mutumin nan sau uku yana kiran Auta tun safe. Akwai abin da ya hango a ciki.

Yaya Babba: Yana yiwuwa, kuma ina zargin fam ɗin ne ya gani, sauran rakiya ce. Shi ya sa bai kamata a sayar a dunƙule ba. Auta, shimfiɗa kowacce a kan farar takarda, ka ɗauki hoton gaba da baya da hasken rana, ka turo. Bayan haka a sa su tsakanin shafukan littafi mai tsabta, nesa da danshi, kuma ban da roba ko fil.

Auta: To dillalin fa, me zan ce masa?

Baffa: Ce masa sai bayan sadakar arba'in.