Harkar gidaje ga wanda ake bi bashi kuma ba shi da ajiya

Aka yi tambaya: shin wanda bashi ya yi masa katutu, kuma bai tara komai ba, zai iya shiga harkar gidaje? Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce ya dakata tukuna, ya fara biyan bashin da ruwansa ya fi yawa, domin da wuya kuɗin haya ya kai abin da irin wannan bashi ke cinyewa duk wata. Bayan haka ya tara abin da zai riƙe shi na wata 3 zuwa 6.

Dalilinsu, a ganina, yana da ƙarfi. Gida yana cin kuɗi ko babu kowa a ciki: rufi zai yi yoyo, ɗan haya zai tashi ko ya ƙi biya, haraji kuma ba ya jira. Banki ma yakan auna bashin mutum da abin da yake samu kafin ya ba shi rance, sannan ya nemi kuɗin somi, wato wani kaso na kuɗin gidan da mai saye zai fara biya daga aljihunsa. Wasu sun tuna yadda farashin gidaje ya faɗi a Amurka a 2008, inda masu rance mai nauyi da yawa suka rasa gidajensu.

'Yan kaɗan sun ce zai iya farawa da ƙarfinsa: ya kama aiki wurin dillali ko mai kula da gidajen haya, ya koyi kimanta gida, ko ya haɗa gwiwa da mai jari bisa rubutacciyar yarjejeniya. An kuma gargaɗe shi game da masu sayar da darussan da ke alkawarin mallakar gida ba tare da sisi ba.