Daga Landan zuwa Sidni da mahaifiya mai ciwon gwiwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata daga Landan zuwa Sidni ta ƙasar Ostireliya, tafiyar kusan kilomita 17,000, kuma gwiwoyinta ba sa jure dogon zama. Idan muka bi ta Singafo, zangon farko kusan awa 13 ne, na biyu kuma kusan 8. Ta Dubai kuwa kusan awa 7 ne, sannan kusan 14. Wanne ya fi sauƙi ga mai shekaru?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Tun 2018 akwai jirgin da ke tashi daga Landan zuwa Perth, wani birni a yammacin Ostireliya, ba tare da yada zango ba, kusan awa 17, kuma na shige shi lafiya ƙalau.

Maman Ilham: Na gode, Malam, amma Sidni za mu, kuma dogon zaman shi ne abin da nake gudu.

Hajiya Babba: 'Yata, ki fi kula da tazarar da ke tsakanin jiragen biyu. Na taɓa raka mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, aka ba mu tazara 'yar kaɗan, jirgin farko ya makara, keken guragun da muka nema tun wajen sayen tikiti kuma bai zo ba. Na riƙe hannunsa muna takawa a hankali har ƙofar shiga, muka tarar an rufe. A kan benci ya kwana, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abu Hanif: Allah Ya gafarta masa. Ta Dubai dai ta fi araha.

Ɗan Ƙasa: Ni akasin haka na gani, ta Singafo ce ta fi sauƙin kuɗi lokacin da na saya. Kuma da girmamawa, Malam, wanda ya yi tafiya shi kaɗai da ƙuruciyarsa ba shi ne zai ba mai rakiyar tsohuwa shawara ba.

Abu Hanif: Ai ƙuruciyar a cikin jirgin na baro ta, da furfura na sauka.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Dogon zama yana iya jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, saboda haka ta ga likita kafin tafiya, a nema mata kujerar gefen hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan zagayawa. Sidni tana gaban Landan da awa 9 zuwa 11 gwargwadon lokacin shekara, barcinta zai rikice na 'yan kwanaki.

Hajiya Babba: Duk wannan gaskiya ne, amma wa zai tilasta wa kamfanonin jirgi kawo keken? Na rubuta takardar koke, ko amsa ban samu ba.

Ɗan Ƙasa: Hajiya, mu namu keken ne muka ba su a matsayin kaya, suka dawo mana da shi ƙafa ɗaya a karye.